Asabar, Lahadi da ƙahon ɗan ƙanena

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na saurari shirinku na makon jiya, inda baƙonku ya ce sujadar Lahadi ƙirƙirar Sarkin Roma Konstantin ce, wai Kirista na gaske sai ya koma kiyaye Asabar da idodin Yahudawa. Maganar ta taɓa ni, domin tana cikin gidanmu. Ɗan ƙanena ya dawo hutu daga jami'a da farin mayafi mai geza da ƙahon rago a jaka. Ya daina cewa Yesu, sai "Yeshuwa", ran Lahadi kuma ya ƙi bin mu coci. Uwarsa har kuka ta yi.

Baƙon naku yana da gaskiya a wurare da dama, ba zan ɓoye ba. Yesu Bayahude ne. A rana ta takwas aka yi masa kaciya aka raɗa masa suna. Ran Asabar yakan shiga majami'a, a Nazarat ma shi ya miƙe ya karanta littafin Ishaya. Jibin Ubangiji asalinsa abincin Idin Ƙetarewa ne, Fentikos kuwa Idin Makonni ne na Yahudawa, shi ya tara jama'ar nan a Urushalima. Amin da Halleluya da Hosanna da ke bakinmu kullum, daga Ibrananci suke. Amma mutum sai ya shekara ashirin a bencin coci ba wanda ya taɓa warware masa wannan. Tsohon Alkawari ya zama inda ake zuwa tsinto ayar zakka da ta albarka kawai.

Abin takaicin ma, mu mun fi Bature kusa da duniyar Littafi Mai Tsarki. Kakata ba ta yi boko ba, amma da aka karanta mata labarin ragon Ƙetarewa, a shafa jini a bakin ƙofa, a gasa naman a cinye a daren, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta san yanka, ta san suna bayan mako guda, ta san sadaki, ta san 'yan mata a bakin rijiya da yamma. Kalmar Asabar kanta ta hanyar Larabci ta zo mana, tushenta ɗaya da Shabbat na Yahudawa. Duk da haka kowace Disamba sai ka ga an kafa itacen roba a gaban bagade, an manna masa auduga wai dusar ƙanƙara, ga ƙurar hunturu tana shigowa ta taga.

Rabuwar coci da majami'a kuma ba ta yi daɗi ba. Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, bayan tawayen Yahudawa da aka murƙushe a 135 suka hana su zama a Urushalima, ikkilisiya ta cika da al'ummai waɗanda ba su san Ibrananci ba. A taron shugabannin coci na Nikiya a 325 aka raba lissafin Ista da kalandar Yahudawa. Daga baya taron Lawudikiya ya hana Kirista hutun Asabar. Martin Luther ma, a 1543, ya rubuta kan Yahudawa abin da kunya ba za ta bar ni in maimaita ba. Sai a 1965 cocin Katolika ya fito fili ya ce ba za a ɗora wa Yahudawa duka alhakin mutuwar Yesu ba. Kirsimeti kuwa al'ada ce, Littafi bai faɗi ranar haihuwa ba, kuma shaidar farko ta bikin 25 ga Disamba daga Roma take, a 336.

Inda baƙon ya zame shi ne batun Lahadi. Abin da Konstantin ya yi a 321 shi ne mayar da ita ranar hutu a hukumance. Taruwar ta riga shi da ɗaruruwan shekaru. Ayyukan Manzanni 20:7 ya nuna masu bi sun taru gutsuttsura gurasa a ranar farko ta mako a Taruwasa, ranar da barci ya kwashe wani saurayi ya faɗo daga taga saboda tsawon wa'azin Bulus (tsawon wa'azi dai ba yau ya fara ba). Wajen shekara ta 150 Yustin Shahidi, wani marubucin Kirista, ya bayyana yadda Kiristoci ke haɗuwa ran Lahadi, a lokacin da sarakunan Roma ke kashe su.

Tambayar ko sai wanda ba Bayahude ba ya bi Shari'ar Musa, manzanni Yahudawa ne da kansu suka yanke ta, a Ayyukan Manzanni sura ta 15. Bitrus ya yi magana, Yakubu ya rufe taro: kada a ɗora wa al'ummai kaya, su dai guji abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Kaciya ba ta ciki, Asabar ma haka. Bulus ya ce mu reshen zaitun na jeji ne da aka ɗaura a kan na gida, saiwa ke ɗauke da mu, kada mu yi fahariya. Bai ce reshen ya sayi mayafi ta intanet ba. Sunan Yesu ma, da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma manzanni ba su ji tsoron rubuta shi yadda Helenawa ke furtawa ba. Wanda ke son Asabar, ga cocin Habasha nan ya daɗe yana girmama ta tare da Lahadi, bai kori ɗaya don ɗaya ba.

Na zaunar da yaron, muka karanta surar nan a tsohon Littafin mahaifina na Hausa wanda bangonsa ya cire. Ya yi shiru, bai ce ya yarda ba. Ƙahon yana nan, sai dai maƙwabta sun roƙe shi ya daina busa shi da asuba.

Roƙona, Edita, ku sake gayyatar baƙon nan tare da malamin tarihin ikkilisiya, a karanta sura ta 15 daga farko har ƙarshe a gaban masu sauraro kafin a buɗe layin waya.

Naku,
Wani mai sauraro daga Kaduna