Wasiƙa zuwa ga Malam Sani kan tafiyar gaɓar tekun Norwe

Agege, Legas.

Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali da yara. Mu nan Legas sai godiya, in ban da cunkoso da ruwan sama.

Na ji ka yanke shawarar ɗaukar hayar mota mai ɗaki daga Jamus ku nufi arewacin Norwe. To, in dai kallon teku ne ya kai ku, idan kun kai Steinkjer ka bar babbar hanyar E6 ka kama hanya mai lamba 17 har Bodø. Kusan kilomita 650 ce, da fito shida a jirgin ruwa. Kada ka ba ta ƙasa da kwana biyar, domin jadawalin jirgi ne ke jan ragamar tafiyar. Minti biyar za ka makara, ka zauna bakin ruwa awa guda.

Tun wajen haya ka duba tsawon motar. Ana lissafin kuɗin fito da tsawo, kuma da ta wuce mita 6 farashi ya tashi, har da maƙalin keke da ke bayanta. Kafin a hau jirgi a rufe tukunyar gas. Tukunyar ma kanta, bakin ta Jamus bai dace da na Norwe ba, don haka ka tafi da cikakku biyu ko mahaɗi. Ruwan wanke-wanke da tankin bayi kuwa, a wurin zubarwa na musamman kawai ake juye su.

Kusa da Brønnøysund akwai dutsen Torghatten, mai rami da ya huda shi gaba da baya, tsawon ramin kamar mita 160. Hawan rabin awa ne, kuna shiga ku hango tsibirai ta ɗaya ɓangaren. Saltstraumen kuma, wani mashigin teku gab da Bodø, sai an duba lokacin cikar teku da janyewarta. Kusan kowace awa shida ruwan ke tafasa yana juyi. Ka zo a tsakani, ka tarar da shi lumui kamar tafki.

Abin da ya fi damuna shi ne salla. Daga farkon Yuni zuwa farkon Yuli rana ba ta faɗuwa a Bodø. Ka tambayi malaminku tun yanzu ko za ku bi lokacin Makka ko na gari mafi kusa da ake samun dare, kuma ka sayi labule mai kauri, in ba haka ba yara ba za su yi barci ba.

In kun tsallaka tsibiran Lofoten, ka dubi katakon da ake shanya kifi. Ana rataya shi tun Fabrairu, a sauke wajen Yuni. Kawunan kifin nan da ake sayarwa a kasuwar Oyingbo da sunan panla, da yawansu daga can suke. Ka ɗauko mini hotonsu in nuna wa masu kifi.

A gaida Hajiya da su Abba.

Naka,
Bala