Wasiƙa daga Leeds: Kalmomin Tsoro a Bakin Turawa

Leeds, Ingila

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Inna da Baba da sauran mutanen gida baki ɗaya. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyi ya fara kankama, kuma tun kafin ƙarfe biyar na yamma duhu yake rufe gari.

Na ji saƙonki game da jarrabawar OET, wato ta Turanci ga ma'aikatan lafiya, da kike shirye-shiryen zanawa, da kuma jerin kalmomin da malaminku ya ba ku, waɗanda kika ce ƙamus ya tattara su duka ya fassara da “mai ban tsoro”. Kin tambaye ni ko akwai wani bambanci a tsakaninsu, ko kuwa ƙaƙale ne irin na masu shirya jarrabawa. Bambanci akwai shi, kuma a aikin jinya ya wuce batun cin maki, shi ya sa na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Ki fara dubawa daga harshenmu, za ki ga ba baƙon abu ba ne. Muna da tsoro, da fargaba, da firgita, da razana, da zullumi, da kwarjini, kuma babu Bahaushen da zai ce ya razana da jarrabawar da zai yi wata mai zuwa, ko ya ce yana zullumin macijin da ya faɗo masa daga rufin ɗaki yanzun nan. Haka su ma suka rarraba nasu. “Scary” ita ce ta yau da kullum, wadda yara da manya suke faɗa a hira, amma ba a sa ta a takardar mara lafiya ko a wasiƙar tura shi wani asibiti, wadda ita ce irin wasiƙar da za a ce ki rubuta a jarrabawar. “Frightening” ma'anarsu ɗaya, sai dai ta fi kamala, tana shiga rubutu da magana duka. “Terrifying” ta fi su nauyi nesa ba kusa ba, ita ce razanar da ke sa ƙafafu su kasa ɗaukar mutum. Wanda aka ce yana “petrified” kuwa ya sandare ne kamar dutse, daga kalmar dutse ma aka samo ta, shi kuma wanda aka ce “startled” firgigit kawai ya yi don an bugo ƙofa, nan da nan ya dawo hayyacinsa.

“Daunting” ita ce mafi kusa da zullumi, wato babban aiki ne a gabanki kina tunanin ta ina za ki fara, kamar wannan jarrabawar taki. “Intimidating” tana kusa da kwarjini, kuma za a iya faɗinta a kan babban likitan da bai taɓa yi wa kowa tsawa ba. Amma ki kula, da zarar kin juya ta kin ce “he intimidated me”, kin tashi daga siffanta mutum kin koma zarginsa da tsoratar da ke da gangan, kuma shugabar ɗakin marasa lafiya za ta iya ɗaukar maganar a matsayin ƙorafin da sai an bincika.

Akwai wasu guda uku da suka fi yawo a wannan lokaci na shekara, saboda bikin Halloween da suke yi ranar 31 ga Oktoba. A layinmu maƙwabta sun rarake kabewa sun yanka mata idanu da haƙora sun sa kyandir a ciki, sun rataya ƙwarangwal na roba da saƙar gizo-gizo a ƙofofi, yara kuma suna bi gida-gida cikin shigar fatalwa suna karɓar alewa. Wannan duka “spooky” suke ce masa. Asalin kalmar daga harshen mutanen Holan ne, tana nufin fatalwa, amma yanzu ta zama ta wasa, har da murmushi ake faɗinta. “Eerie” ba ta da wasa kuma ba ta da hayaniya. Ita ce shirun da ba a saba da shi ba, irin na barandar asibiti da ƙarfe uku na dare, lokacin da babu abin da ya faru amma gabanki yana faɗuwa.

Ta ukun ce nake so ki riƙe da kyau, wato “creepy”. Tushenta abin da ke rarrafe ne a kan fata, daidai da abin da muke cewa tsikar jiki ta tashi. Ana faɗinta a kan tsohon gida ko 'yar tsana, amma idan mace ta faɗe ta a kan namiji, magana ce babba. Tana nufin yana kafa mata ido, ko yana matsowa kusa fiye da kima, ko yana nacin neman lambarta bayan ta ƙi, ko tana yawan ganinsa a inda bai kamata ba. Idan abokiyar aiki ta raɗa miki cewa wane “creepy” ne, gargaɗi take yi miki kada ki yarda ki keɓe da shi. Sai dai kalmar ba ta da amfani a gaban hukuma, domin abin da kika ji a jikinki kawai take bayyanawa. Dokarsu ta hana takura wa mutane, wadda aka yi a 1997, tana duba halin da aka maimaita aƙalla sau biyu wanda ya jefa mutum cikin “alarm” ko “distress”, wato firgici ko ƙuncin rai. Saboda haka idan, Allah ya kiyaye, kin je kai rahoto, ki faɗi abin da aka yi da ranar da aka yi shi: ya bi ni, ya tare ni, ya yi mini barazana. Lambar 999 ta haɗarin da ake ciki ce a lokacin, 101 kuma ta kai rahoton abin da ya riga ya wuce.

Yanzu ga abin da ƙamus ba zai gaya miki ba, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Girman kalma a bakin Bature ba shi ke nuna girman haɗari ba, sau da yawa ma akasin haka ne. Manyan kalmomin tsoronsu sun sha amfani har sun dushe. “Terrible”, “horrible”, “awful” da “dreadful” duk daga razana da fargaba suka samo asali, amma tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni takan ce ruwan sama “dreadful” ne, shayin asibiti “awful” ne, cunkoson motoci kuma “nightmare” ne, alhali tana faɗa tana shafa kyanwarta. Ita wannan “nightmare” ɗin ma abin sha'awa ce, domin rabinta na ƙarshe sunan wani iska ne da magabatansu suka yi imani yana hawa ƙirjin mai barci ya danne shi, wato dai dannau ɗinmu, ga shi yau an mayar da shi sunan wahalar neman wurin ajiye mota. Wasu kalmomin ma sun juya baya gaba ɗaya. “Terrific” a da mai razanarwa take nufi, yanzu yabo ce. Idan aka ce aikinki “terrific” ne, godiya za ki yi. Amma 'yar'uwarta a kama, “horrific”, tana nan da dafinta, ba a faɗinta sai a kan mummunan haɗarin mota ko kisan gilla. Harufa kaɗan ne suka raba su, kuma irin wannan tarkon masu jarrabawa suke so.

Haɗari na gaskiya kuwa da ƙananan kalmomi yake zuwa, cikin sanyin murya. Wani dare muna miƙa aiki, babbar nas ta duba takardar wani dattijo, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce “I'm a bit worried about bed four”. A fassarar kai tsaye cewa ta yi ta ɗan damu da mai gado na huɗu. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ajiye kofin shayinta da sauri ba, amma kafin ta rufe baki wata ta tafi ɗauko na'urar awo, wata ta kama waya tana neman likita, aka ja labule aka kewaye gadon. Idan ma'aikacin lafiya a nan ya ce “worried” ko “concerned”, kowa ya san lokacin tashi tsaye ya yi. Wannan ne ma ya sa ba a dogara da kalma kaɗai. Akwai ma'aunin da ake kira NEWS2, wanda aka sabunta a 2017, inda ake haɗa makin numfashi, da iskar oksijin a jini, da awon hawan jini, da bugun zuciya, da zafin jiki, da kuma yadda hankalin mara lafiya yake. Maki 5 na nufin a kira likita da gaggawa, maki 7 zuwa sama kuma a kira tawagar ceto. Idan zuciya ta tsaya, 2222 ake bugawa a wayar asibiti. Ki saba da haɗa biyun, ki ce kin damu sannan ki faɗi makin.

Haka kuma “poorly”, wadda mutanen wannan yanki na Yorkshire suke yawan faɗa. A gida ana faɗinta a kan yaron da mura ta hana zuwa makaranta, amma idan likita ya zaunar da dangi ya ce mahaifinsu “very poorly” ne, sau da yawa yana shirya zukatansu ne domin rai yana iya yin halinsa. “Sinister”, wadda asalinta a Latin hagu take nufi, a labarai ta mugun mutum ce mai ƙulla sharri a ɓoye, amma a bakin likita ciwon daji yake kewayewa. Idan ya ce “nothing sinister” albishir ne, idan kuma ya ce yana so ya tabbatar babu wani abu “sinister”, to, ciwon dajin yake nema a hoton. “I'm afraid” kuwa ba tsoro mai maganar yake ji ba, share fage ne kafin labari mara daɗi. Hatta gwamnatinsu haka take magana. Matakan barazanar ta'addanci biyar ne, kuma na ukun, “substantial”, wanda a kunne ba ya tayar da hankali, ma'anarsa a hukumance ita ce akwai yiwuwar kai hari sosai.

A ganina wannan kewaye-kewayen yana da illa, musamman ga baƙi. Na ga dangin da suka ji “poorly” suka koma gida da kwanciyar hankali, domin babu wanda ya furta kalmar mutuwa, alhali da sun fahimta da sun kwana a gefen gadon. Amma ba zan ɗora wa Turawa laifin su kaɗai ba, tunda mu ma idan aka tambaye mu ya mai jiki “da sauƙi” muke cewa ko da an fara yi masa kalmar shahada, kuma wanda ya san harshe yakan gane daga “sai dai addu'a” cewa jiki ya yi tsanani. Aikinki zai zama ki gane abin da likita yake nufi, sannan ki tambayi dangi cikin ladabi me suka fahimta daga maganarsa.

Akwai wuri ɗaya da babbar kalma take riƙe da nauyinta cif. Idan mara lafiya ya kama hannunki ya ce yana ji a jikinsa wani mugun abu zai faru, ko ya ce mutuwa zai yi, kada ki ce masa tsoro ne kawai. Littattafan aikinmu suna kiran wannan “sense of impending doom”, kuma alama ce da ake gani a toshewar jijiyar zuciya, da toshewar jijiyar huhu, da mummunan borin jini bayan allura ko abinci. Ki auna shi nan take, ki kira likita.

A ɓangaren magana na jarrabawar za a ba ki wanda zai fito a matsayin mara lafiya mai fargaba. Kada ki ce masa ya daina jin tsoro, domin a kunnensu wannan kamar kin raina damuwarsa ne. Ki tambaye shi me ya fi damunsa, ki maimaita kalmar da shi da kansa ya zaɓa, sannan ki yi bayani. A rubutu kuma “anxious” da “distressed” ne abokan aikinki. Ki riƙa sauraron tashar BBC ta Turanci kina lura da kalmar da mai karanta labarai ya ɗauka da wadda mutumin titi ya ɗauka a kan abu guda, ki rubuta su a littafi, ranar Lahadi idan na kira sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ki gaishe mini da Inna da Baba, ki ce ina neman addu'arsu. Ki gaida Yaya da iyalinsa, da su Goggo, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya ba ki sa'a, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Yayarki