Wasiƙa daga Bronx: watan da aka rufe mana sito

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Saƙonninka na murya duk na saurara, har da wanda kake tambaya ko Amurka ce ta haɗiye ni. Ina nan da raina. Kuɗin kwanon rufi da na ce za su iso ka ƙarshen Satumba ne ba su samu ba, kuma dalilin ya fi ƙarfin minti biyu na WhatsApp, shi ya sa na zauna rubutu.

Ka san mutumin da nake wa aiki a sito can Brooklyn, a nan birnin New York, Bayahude ne, irin masu riƙo da addinin nan na unguwar Borough Park, masu baƙar kwat da doguwar suma a gefen kunne. Da awa yake biyanmu. In an buɗe mu samu, in an rufe mu sha iska. To watan da ya wuce shi ne Tishri a ƙidayarsu, kuma duk shekara babu watan da ya kai shi bukukuwa. Ranakun 23 da 24 ga Satumban 2025 suka yi sabuwar shekara, Rosh Hashana, suka shiga ta 5786. Ranar 2 ga Oktoba Yom Kippur, ranar babban azuminsu na neman gafara. Sai bikin rumfuna, Sukkot, aka rufe 7 da 8, aka sake rufewa 14 da 15. Kwana bakwai ke nan da addininsu ya hana su aiki ƙwata-ƙwata, ba kunna lantarki, ba taɓa waya, ba tuƙi, ba riƙe kuɗi. Wasu shekarun Allah kan dube mu wasu ranakun su faɗo Asabar ko Lahadi, bana kuwa duk a tsakiyar mako suka miƙe ƙafa. Jajiberin kowanne rabin wuni ne, don su ma da faɗuwar rana kwanansu ke kamawa. Kwanakin tsakiyar Sukkot an yarda musu su yi aikin da ya zama dole, amma maigida ya ce shi yawo zai kai yara. Ka ɗora Juma'a da ake tashi da wuri saboda Asabar. Sai ka lissafa da kanka, tunda kai ne ka ci lissafi a jarrabawar fita, da taimakon wanda ni da kai muka sani.

Haushi na ji sosai, ba zan ɓoye maka ba. Amma jajiberin Yom Kippur dattijon nan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, har da yaron Mali mai share ƙasa, yana cewa in ya taɓa ɓata mana rai cikin shekarar nan mu yafe masa. A wurinsu azumin ranar yana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangiji ne kawai, haƙƙin mutum sai ka je ka same shi. Na ce na yafe. A raina na ce da ka biya mu kwanakin hutun da yafiyar ta fi fitowa daga zuci.

Azumin nasu kuwa ba na yara ba ne. Awa 25 a jere, daga kafin faɗuwar rana zuwa fitowar taurari washegari, ba ci ba sha, ba sahur a tsakiya. Ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali. Sai ka ga babban attajiri cikin fararen kaya da takalmin roba ya nufi wurin ibada, can zai wuni, addu'o'i kashi biyar, a rufe da busa ƙahon rago. Na tuna ka a azumin da ya faɗo mana cikin zafin Afrilu, yadda kake kwanciya a simintin masallaci tun azahar kana tambayar ƙarfe nawa. Da kai ne da tun asuba an kira motar asibiti.

Kwana biyar bayan nan unguwar ta rikiɗe. Kowane gida ya kafa rumfa, a baranda, a bayan gida, wasu har bakin titi, rufin da gora ko rassan itace, a bar 'yan ƙofofi yadda za a hango sama. A ciki suke cin abinci mako guda, wasu mazan har kwana, don tuna shekara 40 da kakanninsu suka yi a hamada bayan Annabi Musa (AS) ya fito da su daga Masar. Suna yawo da reshen dabino da wasu ganyaye biyu da wani irin lemo mai kaushin fata. Na ga maigida ya sa tabarau yana jujjuya lemon nan yana neman tabo, ya biya kuɗin da ban so in faɗa maka ba don kada ka ce a fara noma shi a gonar Kawu. Ranar ƙarshe suka sauke karatun Attaura na shekara, nan take suka koma farko, suka rungumi littattafan suna rawa har tsakar titi.

Af, wai da gaske ne autan gidanku ya sayar da babur ya sayi waya? Yaya Babba ce ta faɗa wa matata, ni ban yarda ba sai na ji daga bakinka. In haka ne kada ka sa baki, ka bar shi da Hajiya.

Abin da ya ɗaure mini kai da farko shi ne, da wata suke ƙidaya, amma bukukuwansu ba sa zagaya shekara yadda azuminmu ke yi. Ashe cikin kowace shekara 19 sau bakwai suke ƙara wata guda, su yi watan Adar sau biyu, don bikin fita daga Masar ya riƙa zuwa bayan sanyi kullum. Mu kuwa ka san Suratut Tauba ta tsayar mana da goma sha biyu, ba ƙari. Shi ya sa wani lokaci mu haɗu, wani lokaci mu yi nisa. A 2016 Ashura da Yom Kippur kusan rana ɗaya suka zo, goma ga watanmu, goma ga nasu. Na tuna hadisin da Malam ya karantar da mu a zaure, cewa Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar da Yahudawa suna azumin Ashura, suka ce ranar ce Allah ya tserar da Musa daga Fir'auna. Lokacin kai kana gyangyaɗi a bayan ginshiƙi.

Yanzu dai na samo kalandarsu na manna kusa da ta masallacinmu, don aljihuna da ita yake tafiya. Watan da muke ciki, Heshwan, fayau yake, babu biki ko ɗaya, aiki muke har dare. Daren 14 ga Disamba za su fara Hanukka, kwana takwas ana kunna fitila, kullum a ƙara ɗaya, tunawa da ƙwato ɗakin ibadarsu na Ƙudus daga hannun sarki Antiyokus a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan bikin ina ƙaunarsa, don ba a rufe sito, ga ciniki, ga soye-soye da matar maigida ke aiko mana. Naman su ma ba ya ba ni tsoro, yanka suke yi kuma ba sa kusantar alade.

Ƙananan azumi huɗu ma ba sa hana aiki, daga asuba ne zuwa dare. Uku a cikinsu duk kukan Ƙudus ne: ranar da Bukhtanasar sarkin Babila ya kewaye birnin, ranar da aka fasa ganuwa, da ranar da aka kashe Gedaliya, gwamnan da aka naɗa musu bayan an ci garin. Daga na fasa ganuwa, 17 ga Tammuz, sai su shiga mako uku na makoki, ba ɗaurin aure ba aski, har 9 ga watan Ab, inda suke wani azumin na awa 25 suna zaune a ƙasa. Sun ce a ranar aka rushe ɗakin ibadar sau biyu, Babilawa a 586 kafin Annabi Isa, Rumawa a shekara ta 70. Mutum ya zauna a New York da na'urar sanyaya ɗaki yana hawaye kan ginin da ya faɗi shekara kusan dubu biyu, wannan riƙon har yau ina jinjina shi.

Na huɗun, azumin Esta, zai zo 2 ga Maris, tsakiyar Ramadan in Allah ya kai mu, ka ga ranar ni da maigida duk baki a bushe za mu ɗaure kwali. Washegari Purim, murnar kuɓutarsu daga makircin Hamana, wazirin sarkin Farisa. Yara su yi shigar ban dariya, su bi gida-gida da kwandunan abinci, a raba wa talakawa sadaka, kamar dai tashe a unguwarmu, sai dai su manyansu har da shan giya.

Ramin da ke gabana shi ne Pesach, bikin fita daga Masar, daga daren 1 ga Afrilu, kwana takwas a nan, bakwai a Isra'ila. Biyun farko da biyun ƙarshe a rufe, kuma na san halin mutumina, tsakiyar ma ba zai buɗe ba. Kafin ya zo sai sun kakkaɓe gida kaf, kada a bar ko ɓurɓushin burodi ko wani abu mai yisti. Abin da ba su iya zubarwa sai limaminsu ya sayar wa wanda ba Bayahude ba da takarda, bayan biki a saye shi a dawo da shi. A Isra'ila wani Balarabe Musulmi na ƙauyen Abu Gosh ne ya daɗe yana sayen na gwamnati. Na ce wa maigida bana ni zan saya, kuma ba na mayarwa. Ya yi dariya har da tari. Daga rana ta biyu ta Pesach su ƙirga kwana 49 su yi Shavuot, ranar karɓar Attaura a Ɗuri Sina, amma wannan Juma'a da Asabar ya faɗo, da sauƙi.

Don haka ka faɗa wa kafinta kuɗin kwano na nan tafe kafin ƙarshen Nuwamba, in sha Allah. Na filasta kuma ko ya zo kafin ƙaramar Salla ko sai Mayu, kada ya ɗauko ma'aikata a Afrilu da sunana.

Ka tambaye ni yadda nake zama da su ga abin da ya faru a Gaza. Zuciyata tana inda taka take, kuma a sito ba ma taɓa zancen. Su ma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai 'yan Satmar, wata ɗariƙarsu ta unguwar Williamsburg, da tun asali ba su yarda da kafa ƙasar Isra'ila ba, akwai masu tutarta a ƙofar gida. Wannan hirar sai mun haɗu, ba ta takarda ba ce.

Yaran kam su ne suka more, don makarantun gwamnati a nan suna hutun Rosh Hashana da Yom Kippur, kuma tun 2015 aka sa Sallolinmu biyu a ciki. Babbar ta ce in gaishe da Baffa mai alkawarin rago.

Akwai wani Alhaji na masallacinmu da zai taho gida wata mai zuwa, zan ba shi lambarka. Ka haɗa mini yaji da kuka da daddawa, a niƙe, a ɗaure da kyau. Kilishi kada ka sa, a filin jirgi ƙwacewa suke yi. Ka kuma ɗauko mini hoton ginin ta gefen gabas, wanda ka turo rannan rabinsa yatsanka ne.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Ɗan Amurka, kamar yadda kuka laƙaba mini