Gadar sama ta ishe mu, a saya mana bas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi wa ɗan majalisar dokokin jiha na mazaɓarmu tambaya. Duk lokacin da zancen sufuri ya taso, bakinsa ba ya wuce faɗaɗa titi da gadar sama, kamar kowa a Kano yana da mota. Mun ga ta Ƙofar Nassarawa, mun ga ta Dangi, ba mu raina ba. To amma tun da aka hana acaɓa a 2013, me talaka yake hawa in ba Adaidaita Sahu ba? Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin hawan ma ya zama abin lissafi kafin a fita daga gida.

Legas ta fara bas ɗin BRT, wato babban bas na jigilar jama'a, tun 2008, da layinsa na daban daga Mile 12 zuwa CMS, ta kuma ƙara da jirgin ƙasa a 2023.

Ranka ya daɗe, kasafin kuɗi ta hannunku yake bi. Nawa za ka nemi a ware wa manyan bas-bas a bana?

Naku,
Wani mai karatu daga Kurna, Kano