Babana, gwaji biyar ya isa haka

Assalamu alaikum Babana, ya sanyi ya bautar ƙasa? Mu nan lafiya lau sai hazo da ya rufe Kano kwana uku ko rana ba ma gani sosai. Na zauna in rubuto maka ne saboda a waya ba ka bari in kai aya, ina fara magana sai kace "Umma amma fa na karanta a intanet", toh yau sai ka karanta nawa, in ka gama ka kira.

Yayarka ta turo min hoton takardar gwajin HIV da ka yi ranar Litinin, kar ka ga laifinta ni na matsa mata. Na biyar kenan in lissafina daidai ne, kuma duka biyar ɗin negetif. Tun watan Yuni da ka taimaka aka ɗauki mutanen nan da suka yi hatsari a hanyar Akwanga, jini ya ɓata maka hannu ga ɗan yankan da kace kana da shi a yatsa, yau wata bakwai, ba ka ci ba ka barci, ka mayar da alawus ɗinka kuɗin lab da data. Abin da ka yi ranar nan aikin lada ne kuma ina alfahari da kai, amma abin da kake yi wa kanka tun daga ranar wallahi zalunci ne.

Ka san dai shekarun da na yi a ɗakin awon ciki kafin in yi ritaya, kullum da safe mata a jere a benci ina huda musu yatsa, don haka wannan ɗan tsinken gwajin na san shi kamar yunwar cikina. A lokacinmu a asibitocin gwamnati da tsinken da ake ce wa Determine ake farawa, ɗigon jini ɗaya da ɗigon ruwan magani, a jira minti 15, layi ɗaya babu, layi biyu sai a sake da wani tsinken mai suna Uni-Gold don a tabbatar, in suka saɓa a ɗauko na uku, Stat-Pak, ya raba gardama. Abin da tsinken yake nema shi ne sojojin da jiki yake ƙerawa in ƙwayar HIV ta shiga, kuma jiki ba ya ƙera su dare ɗaya, shi ya sa ake cewa akwai ɗan lokacin da cutar za ta iya ɓuya wa gwaji. Na yatsa yana fara gani ne daga wajen sati uku zuwa kwana 90, na lab kuma wanda ake ɗibar jini a jijiya, mai neman sojojin da kuma wani ɓangare na ita kanta ƙwayar da ake ce wa p24, shi zuwa kwana 45 ya gama magana. Toh gwajinka na farko da ka yi da sati biyu, wannan na yarda, ya yi wuri, ko ni da ka tambaye ni cewa zan yi ka koma. Amma na wata uku fa? Na wata biyar? Na shekaranjiya da ya haura kwana 200? Wane ɓuya kuma ya rage, ai ko ɓarawo ne ya shiga ɗaki an haska ko'ina har ƙarƙashin gado sau biyar.

Kuma ka yi tunani da kanka, kai da ka yi boko. Kace ramar da kake yi da gumin dare da farin harshe duk alamun ta ci jikinka ne. In da cutar ce ta yi ƙarfin da za ta ramar da kai, ai jininka ya cika da shaidarta, layi biyu zai fito ɓaro-ɓaro. Ba zai yiwu ta iya kayar da kai amma ta kasa bayyana a tsinke ba. Zazzaɓin da ka yi a Yuli tsakiyar damina ne kuma an gwada an ga maleriya ka sha magani ya tafi. Ciwon maƙogwaro yanzu kowa a gidan nan yana yi har Abbanku, hunturu ne. Kaluluwar wuya da kake ta lalube safe da yamma, ko lafiyayyen wuri ka dinga dannawa sau hamsin a rana zai yi tsami. Rama kuwa, mutumin da shayi da biredi ne abincinsa yana kwana ido biyu yana kallon hotunan harshen mutane a Google me zai hana shi rama? Fargaba ita kaɗai tana kawo bugun zuciya da gumi da gudawa da bushewar baki, na gani a jikin mutane ba sau ɗaya ba.

Ita hanyar da kake tsoro ma ba ta kai yadda ka ɗauke ta ba. Mu ma'aikatan asibiti da allurar da aka tabbatar an yi wa mai cutar take soka, cikin dubu kusan uku ne ke kamuwa. Ni kaina ta taɓa soka ta a ɗakin haihuwa kana firamare lokacin, ban gaya wa kowa a gida ba, na yi wata uku zuciyata a hannu, ranar da aka ce min babu na yi sujada na rufe babin, ga ni nan har na ga jikoki. Kai kuma ba ka ma san ko waɗanda ka ɗauka suna da ita ba, babban binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari ne na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ita. Maganar maganin kariya da kake ta cizon yatsa ba ka sha ba, eh gaskiya ne akwai shi, ana farawa kafin awa 72 a sha kwana 28, ka riƙe wannan don gaba ko don wani, amma kai ya wuce kuma jini ya nuna ba ka buƙace shi ba.

Yanzu zan faɗi wata magana sau ɗaya ba zan maimaita ba. In akwai wani abin da ya faru a can wanda ba hatsarin mota ba, wanda kake jin nauyin faɗa min, ban tambaye ka ba kuma ba zan tambaya ba. Tsinken gwaji bai san ta wace ƙofa ake tsoro ba, jini kawai yake dubawa, indai an kwana 90 daga ranar abin to amsar ɗaya ce. Sauran kuma tsakaninka da Ubangijinka ne, tuba ake yi, lab ba ta wanke wannan ko sau ɗari ka je.

Ka tuna Ahalari da kuka yi a Islamiyya? Wanda ya yi kokwanto ko alwalarsa ta karye sai ya sake, amma in mai waswasi ne babu komai a kansa, wucewa zai yi da sallarsa. Malamai sun san in aka ce wa mai waswasi ya sake, to a bakin famfo zai kwana har rana ta fito bai yi asuba ba. Kokwantonka na farko hakkinsa ne a gwada, ka gwada. Wannan na yanzu waswasi ne, kuma abincinsa shi ne sake gwaji, ka yi ka samu sanyi kwana biyu sai ya dawo yace to in tsinken ya lalace fa, in yarinyar lab ɗin ta haɗa jininka da na wani fa, in kai ne mutum ɗaya a duniya da ba ya nunawa fa. Wuri uku daban-daban ka je Babana, duk su haɗa baki su yi kuskure iri ɗaya?

Kuma ko da ace, Allah ya kiyaye, layi biyu ne ya fito, kana nan ɗana. Ba zamanin da muka fara aiki ba ne da ake ce mata kabari kusa, yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, matan da na yi wa awo suna shan magani sun haifi yara lafiya lau wasu har sun aurar da su, muna haɗuwa a biki. Na faɗi wannan ne don ka daina kallonta kamar mala'ikan mutuwa, ba don ina zaton kana da ita ba. Ba ka da ita.

Abin da nake so da kai, ka bar gwajin nan haka, na gaba sai in aure ya zo tunda dokar Kano ta 2024 ta wajabta shi kafin ɗaurin aure tare da na ciwon hanta da jinotayif, lokacin kai da amaryar za ku je tare. Bayan isha'i ka ajiye waya nesa da katifa. In ka yi sati biyu tunanin bai sassauta ba, in ka zo hutu zan raka ka Asibitin Malam mu ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma kar ka ce min ai kai ba mahaukaci ba ne, ban ce ba, damuwa ciwo ce kamar hawan jini tana da masu duba ta kuma ana warkewa.

Na ba direban da ke zuwa Lafiya ranar Asabar saƙo, akwai yaji da dambun nama da kuka da daddawa, ka je tasha da wuri kar ya wuce da shi. Ka dafa ka ci ka turo min hoton kwanon, na harshe kuma ya isa haka na goge su duka. Abbanku bai san komai ba, yana gaishe ka yana tambayar yaushe za ku gama. Allah ya yi maka albarka ya sanyaya maka zuciya.

Ummanka