Godiya Ga Ma'aikatan Teburin Tambaya Na Ƙaramin Filin Jirgin Sama

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda ranar da na zo wurinku da ƙorafi na zo, kuma da ƙarfina. Na duba taswira na ga tsakanin filinku da inda zan sauka kilomita 300 ne. Jirgin kuma ATR 72 ne, mai farfela biyu, wanda ke gudun kusan kilomita 500 a awa. Lissafin ɗan firamare ya ba ni minti 36, tikiti kuwa ya ce awa ɗaya da minti biyar. Na ce lallai akwai lauje cikin naɗi.

Baiwar Allah da na tarar a teburin ko fuska ba ta ɓata ba. Ta karɓi tikitina ta juya bayansa, ta zaro biro. "Malam," in ji ta, "lokacin nan daga sanda jirgi ya motsa daga inda yake fake ake fara ƙirga shi, har ya tsaya cak a can." Sai ta zana mini tafiyar ƙasa zuwa titin tashi, da jiran izini daga hasumiya, sannan ta ja wani layi kamar tudu. Gudun nan da nake taƙama da shi sai jirgi ya gama hawa ya daidaita yake samunsa, kuma a gajeriyar tafiya bai daɗe a sama ba zai fara gangarowa. Ga hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce kamar zaren da na auna da shi. Ga iska: in ta gaba ce ta rage masa sauri, in ta baya ce ta tura shi, shi ya sa zuwa da dawowa ba lallai su zo daidai ba. A nan na fara jin cewa matuƙa da mil na teku suke awo, wato mita 1,852, don haka tafiyata a wurinsu mil 162 ce.

Abin ya shiga raina har na je na yi ta karance-karance. Ashe a tsibiran Orkney na Sikotland akwai jirgin da ke tashi daga Westray ya sauka Papa Westray, ƙasa da kilomita 3, cikin minti biyu ko ƙasa da haka. Can ma dai sai an ɗaura bel!

Amma babban alherin da ta yi mini shi ne da ta ji ina da wani jirgin da zan kama a gaba. Ta ce in bar jirgin yamma da ke tashi daga filinku in bi na safe, kada lissafina na minti 36 ya kwanar da ni a hanya. Na bi shawararta. Da muka tsaya na duba agogo: awa ɗaya da minti biyu, har na samu na zauna na huta kafin a kira mu.

Malama, ban tambayi sunanki ba, amma takardar da kika yi wa zane tana nan cikin jakata. Allah ya saka miki da alheri, ke da abokan aikinki.

Naku,
Wani fasinja