Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Kiwon Tarwaɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa. An zauna taron wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi. Masu zuwa dai su ne waɗanda kuka sani.

Bari in fara da injin sola, tunda a kansa ake tare ni a ƙofar masallaci. Ba a saya ba. Abin da ke hannun ma'aji bai kai ba, littafi kuma yana nan ga mai son dubawa. Da muka yanke shawarar, lissafinmu kowa zai biya kuɗin wata. Da yawa suka biya na farko-farko suka yi gum. Na bi gida-gida, wannan ya ce sai an yanke shinkafa, aka yanke ya ce sai ta yi tsada. Su ne kuma kan gaba wajen kukan fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, alhali don mu huta da fetur ɗin ake neman injin solar. Murhun banda ma haka, gini ya tsaya iya gwiwa. Ba kwamiti ne ya hana shi tashi ba.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne ranar duba ruwa da muka yi gab da shigowar hunturu. Malamin gonar da ya zo daga Haɗeja bai tsaya dogon jawabi ba, tanki-tanki ya bi da mu. A wani tankin siminti da mai shi ya rantse kambun baka ne ke kashe masa kifi, malam ya sa aka zare bututun ƙasa. Wani baƙin ruwa ya kwararo yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, har muka ja da baya. Ya ce tarwaɗa tana yaudarar mai ita: tana iya tasowa ta shaƙi iska, don haka takan daɗe cikin mugun ruwa kana zaton lafiya lau. Kashinta da ragowar abinci kuwa suna ta taruwa a ƙasa suna zama amoniya, wata guba mai kashe kifi, sai ranar da za ka wayi gari ka tarar da fararen cikuna a sama.

Ya tsoma 'yar takardar gwaji ya nuna mana launin da ake so, awon pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin ruwa, tsakanin 6.5 da 8.5. Sabon tanki kuma kar a zuba masa 'ya'yan kifi sai ya sha jiƙo na makonni ana sauya ruwa, domin siminti na da kaifi. Tarwaɗa ta fi ci idan ɗumin ruwa na tsakanin digiri 26 da 30. Da sanyi ya kama a rage abinci, a jira rana ta ɗaga, a rufe tanki da zana ko leda da dare. A riƙa ware manya, in ba haka ba su cinye ƙanana. Iyayenmu mata suka yi farfesu, aka ci har la'asar. Allah ya saka musu da alheri. Waɗanda suka bi maganar malam sun haye hunturu da kifinsu, suka haɗa kai suka sayar wa dillalan Haɗeja a sikeli ɗaya.

Waɗanda ba su zo ba kuwa, wasunsu rabonmu da su tun rajistar da suka yi bayan ambaliyar 2022, lokacin da ake jin ƙishin-ƙishin za a raba tallafi. Sai kifi ya fara mutuwa ake bugo mini waya da tsakar dare.

Kwamiti ya yanke cewa duk wanda ake bin sa bashin wata shida ba ya cikin sarin abinci da 'ya'yan kifi na haɗin gwiwa. Taro na gaba Asabar ɗin farkon wata ne, bayan la'asar. A zo da rasit. A nan za a sake zaɓen sakatare, mai sha'awa ya fito.

Sakatare